Kuɗin Hutun Iyalan Masu Lalura Ba Ɓarna Ba Ne

Akwai wata magana da takan fito daga bakin mutanen kirki, masu hannun kyauta ma, duk sa'ad da aka ba da labarin cewa a Birtaniya akwai ƙungiyoyin agaji da ke biya wa iyalan da ke da mai lalura kuɗin tafiya hutu. Sai ka ji an ce wannan ai ƙoshi ne ya yi wa Turawa yawa. Wanda Allah Ya jarraba da yaro gurgu ko mai shanyewar jiki, abin da ke gabansa magani ne da abinci da keken guragu da kuɗin makaranta. In an samu rara, a ƙara wa wani mabuƙacin, maimakon a kwashi mutane a kai su bakin teku shan iska. Wasu kan ƙara da cewa shi mai lalurar me ya sani game da yawon buɗe ido, wahalar da shi kawai za a yi a hanya. A can Birtaniyar ma ba a rasa masu yin tsaki in sun ga iyalin da ke karɓar tallafin gwamnati sun tafi hutu.

Ban ɗauki masu wannan ra'ayi a matsayin marasa tausayi ba. Yawancinsu tsoron cin amana ne ke sa su magana, domin kuɗin sadaka amana ne, kuma sun sha ganin yadda ake wasa da shi. Sun kuma yi gaskiya a kan cewa buƙatu suna da gaba da baya: gidan da ba a ɗora tukunya ba, ba a fara yi masa maganar tafiya. A nan ba mu da saɓani. Inda muka rabu shi ne lissafin da suke yi na mutum ɗaya ne, alhali lalura mai tsanani gida guda take kamawa.

A ɗauki uwar yaro ɗan shekara 14 wanda ba ya iya zama da kansa. Ita ke ɗaga shi daga gado, ta yi masa wanka, ta ba shi abinci cokali-cokali, ta juya shi cikin dare don kada kwanciya ta yi masa gyambo, ta kasa kunne ko farfaɗiya za ta tashi. Lokacin da yake ɗan shekara 3 tana saɓa shi a kafaɗa ba tare da ta ji ba. Yanzu ya kusa nauyinta, bayanta kuma ya fara ba da labari. Ƙidayar da aka yi a Ingila da Wales a 2021 ta nuna akwai mutum kusan miliyan 5 da ke jinyar wani nasu ba tare da albashi ba, kuma kimanin miliyan 1.5 daga cikinsu suna yin awa 50 ko fiye a kowane mako. Ma'aikaci mai zuwa aiki kwana biyar a mako a ƙasar, doka ta ba shi hutun kwana 28 a shekara da albashinsa, kuma ba wanda ke kiran wannan almubazzaranci. Mai jinya tana yin awannin da suka fi nasa, ba Asabar ba Lahadi, ba ranar da za ta ce yau ta tashi daga aiki. Alawus ɗin da gwamnati ke ba mai jinyar da ke yin aƙalla awa 35 a mako, fam 83.30 ne a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, abin da in aka raba shi da awannin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na mafi ƙarancin albashi ba. Ƙungiyar Carers UK da Jami'ar Sheffield sun ƙiyasta darajar wannan aiki na kyauta a kan fam biliyan 162 a shekara. To mutumin da ke ɗauke wa al'umma nauyi irin wannan, in aka ce a biya masa kwana huɗu ya sarara, da wane ma'auni za a kira shi ɓarna?

Tarihin asusun Family Fund ya isa ya kwantar wa mai shakka hankali. Daga 1958 zuwa 1961 an sayar wa mata masu juna biyu a Birtaniya wani magani mai suna thalidomide don rage laulayin ciki, aka haifi ɗaruruwan yara da gajerun hannaye ko ƙafafu, wasu ma babu su sam. Iyayen suka shafe shekaru suna neman diyya, har jaridar Sunday Times ƙarƙashin editanta Harold Evans ta ɗauki maganar da ƙarfi a 1972. Cikin wannan matsin lamba ne gwamnati ta ware fam miliyan 3, ta damƙa wa gidauniyar Joseph Rowntree da ke birnin York, aka buɗe asusun a 1973 domin iyalan duk yaron da aka haifa da naƙasa mai tsanani, ba waɗanda maganin ya shafa kaɗai ba. Har yau yana aiki, yana taimakon iyalai masu ƙaramin ƙarfi. Abin lura shi ne jerin abubuwan da yake biya: injin wanki, firji, kayan shimfiɗa, tufafi, kwamfuta, da kuma hutun iyali. Ban taɓa jin wanda ya yi ƙorafi a kan injin wanki ba. Amma injin wanki ai ba magani ba ne, ba ya warkar da kowa. Ana sayensa ne domin yaron da ke ɓata shimfiɗa sau da yawa a dare kada wankinsa ya karya uwarsa. Wanda ya yarda da wannan dalili ya riga ya yarda cewa ƙarfin mai jinya abu ne da ya cancanci a kashe masa kuɗi. Hutu a kan wannan dalilin ya tsaya, sai dai shi ba ya barin wani kaya a kusurwar ɗaki da za a nuna wa mai ba da sadaka. Ina jin wannan ne asalin matsalar: mun fi natsuwa da sadakar da ake iya ɗauka a hoto.

Gwamnatin Ingila, wadda ba a san ta da sakin kuɗi haka nan ba, ta mai da abin doka. Tun watan Afrilu na 2011 wajibi ne a kan kowace ƙaramar hukuma ta tanadi gajeren hutu ga masu kula da yara masu naƙasa, ta kuma wallafa irin tanadin da ta yi da wanda ya cancanta. Dalilan da dokar ta ambata su ne mai jinya ya iya ci gaba da jinyar, ya samu damar karatu ko shaƙatawa, ya kula da sauran 'ya'yansa, ya yi ayyukan gida na yau da kullum. Ba tausayi kaɗai ya kawo wannan ba, har da lissafi. In uwa ta faɗi, yaron gidan kulawa na hukuma za a kai shi, inda ake biyan ma'aikata dare da rana, kuma kuɗin mako guda a can ya ninka na ɗan hutun da da ya hana ta faɗuwa. Jamus ta riga su: tun 1950 Elly Heuss-Knapp, matar shugaban ƙasa Theodor Heuss, ta kafa gidauniyar farfaɗo da iyaye mata da suka jigata, yau kuma inshorar lafiya ke biyan zaman mako uku na irin wannan hutu in likita ya rubuta.

Maganar sauran 'ya'ya da dokar ta ambata ta fi ƙarfin a wuce ta da sauri. A gidan da ke da yaro mai lalura mai tsanani, 'yan uwansa sukan girma da wuri. Sun san kada su yi kuka da ƙarfi, kada su nemi abu lokacin da ake shirin asibiti, kada su gayyato abokai. In an dawo makaranta bayan dogon hutu kowa yana ba da labarin inda aka kai shi, su sai su yi shiru. Yara ba sa faɗa, amma wani lokaci zuciya takan ɗarsa musu cewa ɗan uwansu ne ya hana su abin da kowa ke samu, daga baya kuma su ji kunyar wannan tunani. Tafiyar da aka yi tare, aka ga ɗan uwan yana dariya a cikin ruwa kamar kowa, tana gyara wani abu a tsakaninsu wanda nasiha ba ta gyarawa. Joan da Patrick Laurance, da suka kafa ƙungiyar da yanzu ake kira Family Holiday Charity a Landan a 1975, ba otal mai tauraro biyar suke kai mutane ba. Yawanci 'yan kwanaki ne a gidan tirela a wani sansani na bakin teku cikin Birtaniya. Iyali kuma ba su ke nema da kansu ba, sai malamin makaranta ko ma'aikaciyar lafiya ko jami'in jin daɗin jama'a da ya san halin gidan ya gabatar da su. Mai tsoron a ci amana ya lura da wannan tsari.

Sai batun cewa shi mai lalurar bai san ana yi ba. Wannan ce maganar da ta fi yi mini ciwo, domin yawanci ana yin ta ne a gabansa, kamar ba ya ji. Wanda ƙafarsa ta mutu, idonsa da kunnensa da sha'awarsa suna nan. Wanda ba ya magana yana bambance ɗaki da fili, yana jin iska a fuskarsa, yana gajiya da bango huɗu kamar yadda kowa zai gaji. A yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila, kusa da garin Keswick, gidauniyar Calvert Trust ta buɗe cibiya a 1978 inda masu naƙasa ke tuƙa kwalekwale, su hau doki, a kuma sauko da mutum daga kan tudu da igiya yana zaune a kekensa. Daga baya aka buɗe irinta a Kielder da Exmoor. Mutumin da tun yana yaro ake ce masa yi hankali, kar ka taɓa, bari a yi maka, in ya ga kansa riƙe da akalar jirgin ruwa a tsakiyar tafki, ya koyi wani abu game da kansa wanda zai koma gida da shi. Iyayensa ma, da suka saba kallonsa a matsayin majinyaci, sun ga wani mutum dabam. Wahalar hanya da ake tsoro gaskiya ce, amma shi ya kamata a tambaya ko ya yarda ya sha ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani zai ce, to shi ke nan, su tafi, amma me ya sa sai an tara musu kuɗi, ba za su yi daidai ƙarfinsu kamar kowane talaka ba? Domin ƙofar da talaka ke bi da arha, su a rufe take. Iyali masu lafiya za su iya kama ɗaki mafi sauƙi a bene na uku, su shiga kowace mota, su ci abinci ko'ina. Iyalin da ke da babba a keke suna buƙatar ɗaki a ƙasa ko na'urar hawa bene mai aiki, ƙofa mai faɗin da keke zai shige, makewayi marar dakali wanda za a tura keken har ƙarƙashin ruwa, gado mai ɗagawa da saukewa, da majanyi na ɗaga mutum daga keke zuwa gado. Suna buƙatar mota mai gangara a baya. Inshorar tafiya ta fi musu tsada. In jirgin sama ne, keken lantarki da ya fi wata motar kuɗi a cikin kaya ake jefa shi, kuma ba sau ɗaya ba sau biyu ba an sauke shi a karye. Sau da yawa sai an tafi da ma'aikacin jinya, a biya masa ɗaki da abinci. Ƙungiyar Scope ta ƙiyasta a 2023 cewa gidan da ke da mai naƙasa a Birtaniya yana buƙatar ƙarin fam 975 kowane wata kafin ya yi rayuwa daidai da gidan da ba shi da shi. Tun kafin a yi maganar tafiya ke nan.

Misalin makewayi ya fi kowane bayyana abin. Makewayin masu keke da aka saba gani yana amfanar wanda ke iya tashi da hannunsa ya koma kan masai. Wanda ba ya iyawa, wanda sai an sauya masa ƙunzugu alhali ya girma, ba shi da wuri. Iyaye sun daɗe suna shimfiɗa manyan 'ya'yansu a ƙasan makewayin jama'a ko a bayan mota, wasu kuma su taƙaita wa yaron shan ruwa tun safe, mafi yawa su haƙura da fitar baki ɗaya. A 2006 aka fara gangamin Changing Places, wanda ƙungiyar PAMIS ta Sikotland da Mencap ke cikin jagororinsa, ana neman makewayi mai faɗin murabba'in mita 12 da gadon sauya kaya na manya da majanyi a rufi. Sai a watan Janairu na 2021 ya zama tilas a manyan sababbin gine-ginen jama'a a Ingila, kuma adadinsu a Birtaniya ya haura 2,000. Shekara 15 ana neman wurin da za a sauya wa mutum kaya cikin sutura. Saboda haka kuɗin da ƙungiyar agaji ke bayarwa, kaso mai yawa nasa yana tafiya ne wajen cike giɓin da magina da masu otal da kamfanonin sufuri suka bari. Iyalin ba daɗi na musamman suka saya ba.

Kada kuma a ɗauka kula da mai jinya baƙon tunani ne da ya zo daga Turai. Malaman tarihin Musulunci sun ruwaito cewa halifa Walid ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya sa wa kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu kuma mai hidima, daga baitulmali. Hidimar da ta kasance a wuyan uwa ko mata ko ɗa, hukuma ta ɗauke wani ɓangare nata.

A ƙasar Hausa hujjar da ake kawowa dabam ce: mu ai muna da dangi, ba mu san kaɗaicin Turawa ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma babban gida mai kakanni da kishiyoyi da ƙanne ya rufa wa iyalai da yawa asiri. Amma a duba wa ke zama a gida ranar Sallah lokacin da aka kwashi yara zuwa kallon hawa ko gidan zu. A duba wa aka daina gayyata biki da suna saboda an san ba za ta zo ba, da wadda ta yi shekaru ba ta je ganin gida ba domin babu motar haya da za ta ɗauki yaron, babu kuma wanda zai kwana da shi. A ɗakin haya na birni dangi sukan zo dubiya, su yi addu'a, su ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa, su tafi kafin magariba. Jinyar dare tana nan a kan uwa, in ta gaza a cire babbar 'yarta daga makaranta. Mu ma muna da hutunmu, sunansa zumunci da yawon Sallah da ganin gida, kuma ba wanda ke ɗaukar su almubazzaranci sai in an zo kan wannan gidan. Kwamitin zakka ko ƙungiyar unguwa da ta ɗauki shatar mota ta kai irin wannan iyali garinsu, ko ta biya wata mai amana ta kwana biyu da yaron uwarsa ta je bikin ƙanwarta, ta yi daidai abin da Family Fund ke yi, da kuɗin da bai kai na ragon layya ba a wurare da yawa.

Inda nake ganin masu suka za su fi samun abin kamawa shi ne dogaro da sadaka kanta. A 1963 Joan Brander ta kafa ƙungiyar Winged Fellowship Trust domin manya masu naƙasa su samu hutu na gaske, da ma'aikatan jinya da 'yan sa-kai, masu kula da su kuma su huta ko su zo tare. Daga baya ƙungiyar ta koma Revitalise. A ƙarshen 2024, bayan fiye da shekara 60, ta rufe cibiyoyinta biyu da suka rage, Jubilee Lodge a Essex da Sandpipers a Southport, saboda tsadar aiki da ƙarancin ma'aikata da raguwar kuɗin da ƙananan hukumomi ke biya. Ga mutanen da lalurarsu ke buƙatar jinya dare da rana, wurare irin waɗannan kaɗan ne ƙwarai a ƙasar. Abin da ya rataya a kan kyautar masu kyauta, ranar da aljihu ya yi sanyi shi ma ya tafi. Wannan ƙorafi ne mai nauyi, sai dai ya karkata ne zuwa ga a mai da abin haƙƙi, bai karkata zuwa ga a daina ba.

A takarda ma an riga an mai da shi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda aka amince da ita a watan Disamba na 2006, ta keɓe sashe na 30 ga al'adu da wasanni da shaƙatawa, ta ambaci wuraren yawon buɗe ido ƙarara. Nijar ta tabbatar da ita a 2008, Birtaniya a 2009, Najeriya a 2010, Gana a 2012. A watan Janairu na 2019 shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani, ko naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya, ta kuma ba gine-ginen jama'a da motocin sufuri wa'adin shekara biyar su gyara yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin ya cika a watan Janairu na 2024. Duk mai shiga tashoshin mota da ɗakunan taro da wuraren wasan yara a biranenmu zai iya ƙirga matakalan da har yanzu ke bakin ƙofa, kuma kowace ɗaya daga cikinsu tana ƙara wa iyalin mai keke kuɗin fita, ko ta mai da su gida.